Plaquenil, HCQS da 'yan uwansu: bitar maganin lupus da ake saya a kantunan Abuja

Da wuya mai cutar lupus ta fito daga wurin likitan gaɓoɓi a Abuja ba a rubuta mata haidroksikulorokwin ba. A jikin kwali za ki ga an rubuta hydroxychloroquine sulfate 200 mg, likitoci kuma kan taƙaita su ce HCQ. Ra'ayinmu a kansa a fili yake: cikin duk magungunan da ake ba mai lupus, babu wanda amfaninsa ya kai nasa idan aka auna da kuɗinsa da illarsa, kuma babu wanda ake yi wa riƙon sakainar kashi kamarsa. Wata tana shan fiye da abin da nauyinta zai ɗauka, wata ta ajiye shi a wata na biyu, wata an musanya mata shi da kulorokwin na zazzaɓi a kemis, wata kuma ta shekara goma tana sha ba wanda ya taɓa leƙa bayan idonta. Muna magana da "ke" ne saboda cikin masu lupus goma, kusan tara mata ne, akasari daga shekara 15 zuwa 45. Namijin da ke da cutar, duk abin da ke nan ya shafe shi.

A lupus, garkuwar jiki ce ke juyowa ta afka wa jikin da ya kamata ta tsare: fata, gaɓoɓi, jini, ƙoda, wani lokaci har huhu da ƙwaƙwalwa. Cutar ta fi yawa kuma ta fi tsanani a baƙar fata. HCQ yana shiga cikin ƙwayoyin garkuwar ne ya rage kaifin saƙon da suke aika wa juna na tayar da kumburi. Bai kashe garkuwar kamar yadda prednisolone, maganin saukar da kumburi da ake ba masu lupus, ke yi in ya yi yawa, shi ya sa mai shan sa ba ta zama abin kamun kowace cuta. An amince da shi a Amurka tun 1955, ke nan ba sabon magani ba ne da ake gwaji da shi. A 1991 likitoci a Kanada suka ɗauki mutum 47 da cutarsu ta lafa a kan HCQ, suka bar wasu a kai, suka cire wa wasu ba tare da sun sani ba. Cikin mako 24, haɗarin tashin cutar a waɗanda aka cire wa ya ninka sau biyu da rabi. Binciken da ya biyo baya ya nuna yana rage ƙurajen fata da ciwon gaɓoɓi, yana rage daskarewar jini a jijiya, yana rage lalacewar sassan jiki, kuma masu shan sa sun fi tsawon rai. Saboda haka ƙa'idar likitoci a yau ita ce kowace mai lupus ta kasance a kansa, sai in akwai dalilin da ya hana.

Wanne za ki saya? Plaquenil shi ne sunan asali, na kamfanin Sanofi. HCQS na kamfanin Ipca ne na Indiya, akwai kuma wasu sunayen daga Indiya da Turai. Sinadarin da ke aiki a cikinsu ɗaya ne, adadinsa ɗaya, don haka wadda aljihunta bai kai Plaquenil ba kada ta ɗauka tana shan na baya. Inda suke bambanta shi ne rufin ƙwayar da kayan haɗin da ke riƙe ta. Ƙwayar tana da ɗaci ƙwarai, idan rufin siriri ne yakan fara narkewa tun a baki, wasu kuma cikinsu ya fi karɓar na wani kamfani fiye da wani. In kika sami wanda ya zauna miki lafiya, ki riƙe sunansa ki dinga neman sa. In bai samu ba, ki karɓi wanda ke akwai mai rajista. Canjin kamfani ba komai ba ne idan aka kwatanta da zama mako uku babu magani.

Abin da ya fi sunan kamfani muhimmanci shi ne inda kika saya. Wannan magani ne na takardar likita, wurinsa kantin magani mai rajista inda akwai famasis, irin masu alamar koren kuros, ba ƙaramin kemis na lungu ba. Ki duba lambar NAFDAC a kwali, kina iya neman sunan maganin a kundin hukumar na intanet da ake kira Greenbook. Ki buɗe kwalin a gaban mai sayarwa, ki tabbatar lambar rukuni da ranar lalacewa da ke jikin katin sun yi daidai da na kwalin. Ƙwayar da aka ƙirgo miki a farar leda babu kati, ki bar ta. Wannan taka-tsantsan yana da tushe. A Maris 2020, da aka yayata cewa maganin yana warkar da korona, jama'a suka yi masa rububi, farashi ya yi tashin gwauron zabi, masu lupus suka rasa abin sha, kuma a watan Afrilu na shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun kulorokwin da aka gano a wasu ƙasashe, ciki har da Nijar da Kamaru. Daga baya babban gwajin RECOVERY na Ingila ya nuna bai amfanar masu korona da ke kwance a asibiti. Tun da kaya ne da ake shigowa da shi, samuwarsa da kuɗinsa na bin dala, don haka ki riƙa ajiye na wata guda a gaba. Mai shan ƙwaya biyu a rana tana buƙatar 60 a wata.

Kuskuren da ya fi ɗaga mana hankali shi ne musanya shi da kulorokwin. Mai kanti ya ce babu HCQ amma ga ɗan uwansa, duk ɗaya ne, ya miƙo kulorokwin mai miligiram 250. Ba ɗaya ba ne. Gaskiya ne ana iya ba mai lupus kulorokwin in babu wata mafita, amma iyakarsa miligiram 2.3 ne a kowane kilo na nauyin jiki a rana. Mace mai kilo 60 iyakarta 138 ke nan, ko ƙwaya ɗaya ba ta kai ba. In ta sha biyu kullum yadda ta saba da HCQ, ta sha 500, fiye da ninki uku na iyakarta, a magani da ya fi cutar da ido. Ga kuma ƙaiƙayin nan da duk wanda ya girma a zamanin kulorokwin ya sani.

Yanzu batun awo, wanda a nan ne takardun magani da yawa ke kuskurewa. An daɗe ana rubuta wa kowa 200 safe da yamma, jimla 400, babba da ƙarama. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin ido ta Amurka ta fitar a 2016, wadda likitocin gaɓoɓi na Turai su ma suke bi, ita ce kimanin miligiram 5 a kowane kilo na ainihin nauyinki a rana, kuma galibi ba a wuce 400. Ki hau sikeli, ki ninka nauyinki sau biyar. Mai kilo 80 ko fiye, 400 ta dace da ita. Mai kilo 60, 300 ce tata, kuma tun da ƙwayar 200 ce aka fi samu, yadda ake yi shi ne yau ɗaya, gobe biyu. Mai kilo 70 tana da 350 a rana, 2,450 ke nan a mako, wanda ya zo kusan ƙwaya 12: bibbiyu kwana biyar, ɗai-ɗai kwana biyu, misali Juma'a da Litinin don kada a ruɗe. Mai kilo 45 kuwa, ƙwaya ɗaya a rana ta kusa cika mata awo, amma za ki same ta tana shan biyu shekara da shekaru. Wannan lissafin yana aiki ne saboda maganin yana taruwa a jiki, abin da ya shiga a mako shi ne abin lura, ba na rana guda ba. Ki kai lissafin gaban likitanki ne, kada ki rage da kanki, domin lokacin da cutar take tashe yakan ga dacewar a ɗan ɗaga awon na wasu watanni. In ƙodarki ta yi rauni kuma, tun da ta nan ne maganin ke fita, yakan rage. Nauyi yana canzawa da lupus, prednisolone na ƙara shi, jinya na zubar da shi, saboda haka a sake lissafi duk sanda ya motsa sosai.

Ana shan sa da abinci ko madara, a haɗiye ba a tauna ba. Tashin zuciya, murɗawar ciki da gudawa su ne ƙorafin makonnin farko, kuma yawanci suna wucewa. In sun dame ki, ki mayar da shi bayan tuwon dare, ko ki raba biyun safe da dare. Kada ki bi shi da maganin olsa na ruwa irin su mist mag, domin suna riƙe shi a hanji su hana shi shiga jini. A bar awa huɗu tsakaninsu. Da azumi kuwa yana da sauƙin sha'ani, ana shan na yini gaba ɗaya bayan buɗa baki. Ko azumin kansa ya dace da ke, musamman in cutar ta taɓa ƙoda, wannan magana ce tsakaninki da likita kafin watan ya kama.

Babban aibinsa a matsayin kayan da mutum ya cire kuɗi ya saya shi ne jinkiri. Sai an yi mako shida zuwa goma sha biyu kafin a fara jin bambanci, cikakken aikinsa kuma yakan kai wata shida. Jiki na ɗaukar kimanin kwana 40 kafin ya fitar da rabin abin da ya tara. Wannan jinkirin yana yaudarar mutum ta fuska biyu. Da farko, an haɗa miki shi da prednisolone, cikin kwana uku kumburin yatsu ya sauka, sai yabon ya tafi ga prednisolone, HCQ kuma ya zama wanda ake fara sokewa ranar da kuɗi suka gaza. Ta biyun ta fi muni. Kin daina sha, wata guda ya wuce lafiya lau, na biyu ma haka, sai ki ce ashe dama ba ya komai, ko kuma 'yan uwa su ce ai rubutu da sassaƙen da aka karɓo ne suka yi aiki. Alhali ragowar da ke jikinki ce ke tsare ki. Tana ƙarewa a wata na uku ko na huɗu sai gashi ya fara zuba, baki ya yi gyambo, gaɓoɓi su riƙe, ba kuma wanda zai danganta wannan da ƙwayar da aka ajiye tun kafin Sallah. Prednisolone da ake gani kamar shi ne gwani, shi ne mai kumbura fuska, mai tayar da suga da hawan jini, mai cinye ƙashi har kan ƙugu ya mutu. Burin likita shi ne ya sauko da shi zuwa miligiram 5 a rana ko ƙasa, in ya yiwu a cire gaba ɗaya, kuma HCQ na cikin abin da ke ba shi damar yin haka.

Sai ido, wanda shi ne tsoron kowa, kuma tsoron yana da dalili, sai dai a san girmansa. Maganin na iya taruwa a tantanin bayan ido ya lalata ƙwayoyin gani da ke kewaye da tsakiyarsa. Ga mai shan awon da ya dace, haɗarin bai kai ɗaya cikin ɗari ba a shekara biyar na farko, bai kai biyu cikin ɗari ba zuwa shekara goma, amma yana hawa zuwa kusan ashirin cikin ɗari bayan shekara ashirin. Abin da ya lalace ba ya dawowa, kuma in an makara yana iya ci gaba ko bayan an daina sha. Mugun abin shi ne a farkonsa ba ya ciwo, ba ya sa hazo, kina karanta saƙon waya daidai. Shi ya sa gwajin karanta haruffa a allo da ake yi a shagon tabarau ba ya gano shi. Gwaji biyu ake buƙata. Ɗaya hoton OCT ne, na'ura ce da ke nuna shimfiɗun tantanin ɗaya bayan ɗaya cikin 'yan mintoci ba tare da an taɓa idon ba. Ɗayan awon faɗin gani ne da kwamfuta, tsarin da ake kira 10-2, inda za ki danna maɓalli duk sanda kika ga ɗigon haske. Ana yin duba na farko cikin shekarar da aka fara magani, don a san yadda idon yake tun asali, sannan duk shekara daga shekara ta biyar. Wadda ƙodarta ke da rauni, ko take shan tamoxifen na kansar mama, ko awonta ya wuce 5 a kilo, ko dama tana da ciwon tantanin ido, ba ta jira shekara biyar. Ko a Asibitin Ƙasa za ki je, ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, ko asibitin ido na kuɗi, ki tambaya kafin ki biya ko suna yin waɗannan gwaje-gwajen biyu, ki gaya musu don HCQ kika zo, ki kuma karɓi kwafin sakamakon ki adana, domin da na bara ake auna na bana. Ɗan hazon da wasu ke gani a makonnin farko wani abu ne dabam, yakan wuce, amma a sanar da likita.

Wani ruɗani da ya keɓanta da ƙasarmu: ganin cewa dangin maganin zazzaɓin sauro ne, wasu na ɗauka ya tsare su daga maleriya. Bai tsare ki ba. Ƙwayar cutar da ke yawo a nan ta daɗe da daina jin kulorokwin, dalilin da ya sa Najeriya ta koma haɗaɗɗun magungunan maleriya da ake kira ACT tun 2005. Ki kwana a gidan sauro. In zazzaɓi ya zo, a yi gwajin jini kafin a sha komai, domin zazzaɓin mai lupus na iya zama maleriya, ko tashin cutar, ko wata cutar da ta samu ƙofa saboda prednisolone, kuma maganinsu ya sha bamban. Duk wanda zai rubuta miki magani, ki fara gaya masa kina kan HCQ. Yana iya ɗan jan lokacin bugun zuciya, kuma haɗa shi da wasu masu irin wannan halin, kamar azithromycin da kwinin da amiodarone, na iya rikita bugun. Artemether-lumefantrine, ɗaya daga magungunan ACT, ma na cikin waɗanda ake lura da su, ana bayar da shi amma da sanin likita, musamman ga mai ciwon zuciya. HCQ yana ƙara ƙarfin digoxin, maganin zuciya, a jini. Yana saukar da suga, don haka mai shan maganin suga ko allurar insulin ta riƙa awo sosai a farko. Septrin kuwa, ko da babu HCQ, an san shi da tayar da lupus, a nemi madadinsa.

Mai juna biyu kada ta daina. Muna nanata wannan ne saboda abin da aka saba shi ne mace tana ganin ɓatan wata ta zubar da duk wata ƙwaya, uwa da uwar miji kuma su goya mata baya da kyakkyawar niyya. HCQ na cikin magungunan da aka tabbatar ana sha da ciki da kuma lokacin shayarwa, kuma tashin lupus a tsakiyar ciki shi ne ke jawo ɓari, hawan jini da haihuwar bakwaini. Ga uwar da ke da sinadarin garkuwa da ake kira anti-Ro a jini wadda ta taɓa haifar jariri mai matsalar bugun zuciya, shan sa yana rage yiwuwar maimaituwar hakan. Waɗanda ba sa tafiya da ciki su ne methotrexate, mycophenolate da cyclophosphamide, shi ya sa ake tsara ɗaukar ciki da likita, bayan cutar ta lafa kamar wata shida.

Bayan shekaru, wasu kan ga tabo mai duhu, shuɗi-shuɗi ko toka-toka, a ƙwauri ko a dasashi ko a farce, sau da yawa a inda aka taɓa bugewa. Ba shi da haɗari, amma a nuna wa likita. Abin da ba a so shi ne a bi shi da man bilicin, domin da yawansu na ɗauke da sinadarin da ke sirantar da fata, fatar da lupus ta riga ta raunana. Mai cutar fata ta psoriasis ta faɗa tun farko, domin HCQ yana iya tayar da ita. Taba da shisha suna rage aikinsa a kan fata. Kuma bai maye gurbin gudun rana ba: ranar Abuja ta Maris da Afrilu, daga goma na safe zuwa huɗu na yamma, tana iya tayar da cutar ga mai tsayuwa jiran mota a Berger ko Nyanya. Lema, tufa mai dogon hannu, da man kariya mai lamba 50 da ake sake shafawa duk bayan awa biyu in ana waje, su ne abokan aikinsa.

Akwai inda ƙarfinsa ya tsaya. In lupus ta kama ƙoda, HCQ shi kaɗai bai isa ba, sai an ƙara mycophenolate ko cyclophosphamide, yana tafiya tare da su. Ƙoda kuma ba ta kuka da wuri. Fitsari mai kumfa, kumburin ƙafa ko na fatar ido da safe, hawan jini sabo, duk alamu ne da ke zuwa bayan abu ya yi nisa. Gwajin furotin a fitsari da ɗan tsinken awo, wanda kusan kowane ɗakin gwaji a Kubwa ko Lugbe zai iya yi, tare da awon creatinine, mai nuna aikin ƙoda, da ƙidayar jini duk wata uku zuwa shida, shi ke kama matsalar tun tana ƙarama.

Wajen ajiya, a bar shi cikin katinsa, a wuri mai sanyi da bai kai digiri 30 ba, kada a manta shi a aljihun motar da ke fake a rana. A kuma ɗaga shi sama, cikin abin da ke kulle. Ƙwaya kaɗan ma na iya halaka yaron da ke rarrafe ko ya fara tafiya, kuma gubar tana taɓa zuciya cikin awa ɗaya zuwa uku. In yaro ya haɗiya, kada a tsaya ba shi manja ko madara, kada a sa shi amai, kada a jira a ga alama. A ɗauke shi tare da kwalin maganin zuwa sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, a gaya musu ƙwaya nawa ta ɓace daga katin da kuma ƙarfe nawa abin ya faru.